Rigar Fada, Muryar Kururuwa: Me Mawaƙan Baƙin Metal ke Nema a Cikin Addini?

Duk wanda ya ci karo da bidiyon a intanet ba tare da an yi masa bayani ba, zai ɗauka ibada ake yi a wata tsohuwar majami'a. Ga kyandirori a jere, hayaƙin turare ya turnuƙe wurin, ga wasu mutane cikin baƙaƙen riguna har ƙasa, an yi wa rigunan zanen gicciye da rubutu fari, fuskokinsu a rufe ruf. A gefe guda wasu maza na rera addu'a da murya mai kauri, a tsanake. Can sai ganguna su ɓarke, gita ta ɗauka, wanda ke tsaye gaban mumbari ya saki kururuwa kamar ana zare masa rai.

Wannan ita ce Batushka, ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Polan. Sunanta ya sake yawo a labarai a 2024, lokacin da kotu ta raba gardama tsakanin mutum biyu da kowannensu ke cewa ƙungiyar tasa ce, har ɗaya ɓangaren ya koma amfani da sunan Patriarkh. Labarin ya bar mutane da tambayoyi fiye da amsoshi. Masu ibada ne ko masu izgili da ibada? Yaya aka yi kiɗan da aka sani da ƙona majami'u ya koma ɗaukar kayan majami'a yana sawa? Kuma ta yaya ƙungiyar da ba a san fuskar kowa a cikinta ba za ta je gaban alƙali tana rigimar suna?

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Metal reshe ne na kiɗan rok, wanda ya ginu a kan gita mai lantarki da ganguna masu ƙarfi. A cikinsa akwai wani ɓangare da ake kira Black Metal, wato baƙin metal. Sunan ya samo asali daga faifan da ƙungiyar Venom ta birnin Newcastle a Ingila ta fitar a 1982, amma sautin da aka san shi da shi yau ya nuna ne a hannun Bathory ta Suwidin, sannan matasan Norwe suka kammala shi a farkon shekarun 1990. Alamominsa ba sa ɓuya: ana kaɗa gita da sauri har sautin ya zama kamar iska mai ƙarfi, ganga ba ta numfasawa, mawaƙi ba ya rerawa sai dai ya yi ƙaraji, kuma sau da yawa da gangan ake ɗaukar sautin da kayan aiki marasa inganci don ya fito a dusashe, da sanyi. Mawaƙan kan shafa fenti fari da baƙi a fuska don su yi kama da gawa, su kuma ɗauki sunayen bogi.

Idan aka ce ƙungiya ta ƙarƙashin ƙasa ce, ba ana nufin haramtacciya ba. Ana nufin ba ta bi ta manyan kamfanonin faifai ko gidajen rediyo. Takan buga kaset ko faifai kaɗan, ta sayar ta hanyar ƙananan kamfanoni ko shafuka irin su Bandcamp, ta yi wasa a ƙananan zauruka, wata ma ba ta taɓa hawa dandamali ba. A wannan duniyar, ɓoyuwa daraja ce. Wanda ya yi suna sosai, ana zarginsa da sayar da kai.

Kalma ta uku ita ce mai rikitarwa: jigon addini. Mutane kan ji ta su ɗauka ana nufin waƙar yabon Ubangiji. A baƙin metal, ma'anarta kawai ita ce addini ne abin da waƙar ke magana a kai, ko da yabo, ko da zagi, ko da wani abu tsakanin biyun. Yawancin ruɗanin da ake samu daga nan yake tasowa.

Inda gabar ta samo tushe

Ba za a fahimci abin da ya sa rigar fada, wato limamin coci, a jikin mawaƙin baƙin metal ke tayar da hankali ba sai an koma Norwe. A 1991 wani matashi mai suna Øystein Aarseth, wanda aka fi sani da Euronymous, jagoran ƙungiyar Mayhem, ya buɗe shagon faifai a Oslo ya raɗa masa suna Helvete, wato Jahannama. Shagon ya zama matattarar wasu samari ƙalilan da ke ganin Kiristanci ya danne ƙasarsu, ya kuma shafe addinin kakanninsu na da. Wasu cikinsu na kiran kansu mabiya Shaiɗan, wasu na jingina kansu da gumakan mutanen Arewacin Turai na dauri.

Maganar ba ta tsaya a baki ba. Ranar 6 ga Yuni 1992 aka ƙona majami'ar katako ta Fantoft da ke Bergen, ginin da asalinsa ya kai wajen shekarar 1150. Daga nan wuta ta riƙa tashi a majami'u ɗaya bayan ɗaya, har aka kai gommai cikin 'yan shekaru. A watan Agusta 1993 Varg Vikernes, mai ƙungiyar Burzum, ya kashe Euronymous da wuƙa a gidan shi Euronymous ɗin da ke Oslo. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21, hukunci mafi tsanani a dokar ƙasar a lokacin, bisa laifin kisan da ƙona wasu majami'u, ko da yake ba a same shi da laifin ta Fantoft ba. Ya fito a 2009.

Waɗanda suka aikata wannan ba su da yawa, kuma akasarin masu wannan kiɗa a duniya ba su taɓa ɗaga ashana ba. Sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tun daga lokacin, duk inda aka ambaci baƙin metal, hoton majami'a tana ci da wuta ne ke fara zuwa wa mutane, kuma shi kansa kiɗan ya ci moriyar wannan mummunan suna wajen yaɗuwa.

Sauti ɗaya, zukata daban-daban

Bayan guguwar Norwe, wasu suka ga cewa zagin coci kawai ya zama wasan yara. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, ƙungiyoyi irin su Funeral Mist da Watain na Suwidin da Deathspell Omega ta Faransa suka ɗauki wata hanya: su a wurinsu Shaiɗan ba ado ba ne, abin bauta ne, don haka suka riƙa rubuta waƙoƙinsu da salon littattafan tauhidin Kirista, da Latin, da ayoyin Baibul da aka juya ma'anarsu, da rerawa irin ta 'yan zuhudu. Aka yi wa wannan salo laƙabi da na Otodoks, ba don yana da alaƙa da cocin Otodoks (reshen Kiristanci da ya fi ƙarfi a gabashin Turai) ba, sai don masu shi na da'awar riƙo da aƙidarsu ba sassauci. Wannan laƙabi kaɗai ya ɓatar da masu karatu da dama.

A ɗaya gefen kuma akwai Kiristoci masu imani da suka ɗauki makamin abokin gaba. A 1994 kamfanin Nuclear Blast na Jamus ya fitar da wani faifai mai suna Hellig Usvart na wata ƙungiya Horde. Sunan da harshen Norwe ne, ma'anarsa mai tsarki, wanda ba baƙi ba. Sautin baƙin metal ne tsantsa, amma kalmomin na la'antar Shaiɗan ne da ɗaukaka Almasihu. Mai faifan ya sa wa kansa suna Anonymous, abin da kowa ya gane gugar zana ce ga Euronymous. An yi wa kamfanin barazanar kisa don ya tona ko wane ne. Daga baya aka san Jayson Sherlock ne, wani makaɗin ganga ɗan Ostireliya, kuma shi kaɗai ya kaɗa komai a faifan.

A cikin Norwe kanta, ƙungiyar Antestor, wadda aka kafa a 1990, ta sha barazana daga masu ganin cewa Kirista ba shi da hurumin taɓa wannan kiɗa. Abin lura shi ne, a faifanta na 2005, wanda ya kaɗa mata ganga shi ne Hellhammer, makaɗin Mayhem, ƙungiyar da Euronymous ya jagoranta. Shekara goma sha biyu kacal tsakanin kisan Oslo da wannan haɗuwa.

Akwai kuma waɗanda addinin da suke magana a kai ba Kiristanci ba ne. Al-Namrood ta Saudiyya, wadda ta fara a 2008, na haɗa gita da kayan kiɗan Larabawa, tana sukar ikon addini da na sarauta. Mambobinta ba sa bayyana sunayensu, ba sa wasa a bainar jama'a, kuma wani ƙaramin kamfani a Kanada ne ke fitar musu da faifai. A wurinsu rufe fuska ba salo ba ne, batun tsira da rai ne.

Kunnen da bai saba ba ba zai bambance waɗannan ba, domin kururuwar ta haɗiye kalmomin. Mai yabon Almasihu da mai zaginsa, sautinsu ɗaya ne a lasifika.

Batushka: wadda ta ƙi faɗin matsayinta

Batushka ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunai cikin sauƙi, shi ya sa ta fi jan hankali. Ta fito daga yankin Podlasie a gabashin Polan, wajen birnin Białystok, kusa da iyakar Belarus. Polan ƙasar Katolika ce, mabiya Otodoks ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'arta ba, kuma mafi yawansu a wannan yanki suke. Ke nan kayan da ƙungiyar ta ɗauka ba na masu rinjaye ba ne, na tsiraru ne da ke zaune a maƙwabtaka da ita.

Kalmar batushka na nufin baba, kuma da ita mabiya Otodoks a Rasha da maƙwabtanta ke kiran limamin cocinsu cikin girmamawa. Krzysztof Drabikowski, makaɗin gita, shi ya tsara kiɗan. Ya bayyana cewa tunanin ya zo masa ne daga sharhin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyoyin waƙoƙin cocin Otodoks a YouTube, inda wasu ke cewa waɗannan waƙoƙi sun fi duk wani kiɗan Shaiɗan nauyi da ban tsoro. Ya gayyato Bartłomiej Krysiuk ya yi murya. A watan Disamba 2015 suka fitar da faifan Litourgiya, kalmominsa da tsohon harshen Silabiyanci na coci, wanda ba a magana da shi a titi, sai a wurin ibada. A bangon faifan akwai hoton Maryamu riƙe da jariri irin wanda ake ratayawa a coci, amma an goge fuskokinsu.

Rigunan da suke sawa ma ba na kowane fada ba ne. Kwaikwayo ne na tufar da 'yan zuhudun Otodoks ke samu a matakin ƙarshe na barin duniya, matakin da kaɗan ne ke kai wa, galibi bayan shekaru masu yawa na ibada ko dab da mutuwa. Ga wanda ya san darajar wannan riga, ganinta a kan dandamali, gaban masu riƙe da kofunan giya, ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙungiyar ba ta fito ta ce yabo take yi ko saɓo ba. Wannan shirun ya yi mata amfani ƙwarai. Masu ƙin addini suka ga izgili, wasu masu imani suka ga girmamawa, sauran kuma suka ga wasan kwaikwayo mai ɗaukar ido. Cikin ɗan lokaci ta tashi daga ƙananan zauruka zuwa manyan bukukuwan kiɗa na Turai. Amma wasannin da ta shirya yi a Rasha da Belarus sun rushe bayan masu kishin cocin Otodoks sun tayar da ƙayar baya.

A watan Disamba 2018 tafiyar ta watse. Drabikowski ya fito a bidiyo yana zargin Krysiuk da yi wa sunan rajista a matsayin alamar kasuwanci a bayan idonsa, da ƙwace shafukan ƙungiyar na intanet. Krysiuk kuma ya ce shi ne ya sallami Drabikowski. A 2019 aka wayi gari da Batushka biyu, kowacce da faifanta: Panihida na Drabikowski, da Hospodi na Krysiuk wanda kamfanin Metal Blade na Amurka ya fitar. Riguna iri ɗaya, suna ɗaya, fuska a rufe. Mai sayen tikiti sai ya yi bincike kafin ya san wacce zai kalla.

Nan ne ɓoyuwar ta juya ta ciji masu ita. Ƙungiyar da ake ganin fuskokin mambobinta, idan ta rabu, jama'a na bin wanda suka sani. Wadda ta ginu a kan rufe fuska kuwa, dukiyarta duka suna ne da riga, kuma kowa zai iya sa riga. Shari'ar ta ɗauki shekaru kafin kotu ta ba Drabikowski gaskiya a 2024. Ɓangaren Krysiuk ya koma Patriarkh, ya kuma fitar da faifai a farkon 2025 a kan Eliasz Klimowicz, wani manomi na yankin Podlasie da ya yi da'awar annabci a farkon ƙarni na 20 har ya tara mabiya. Ya kamata a lura cewa kotun ba ta taɓa batun saɓo ko ibada ba. Haƙƙin mallaka kawai ta duba: wa ya ƙirƙira, wa ke da ikon amfani da sunan.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar masu ibada da ke adawa a fili take. Addu'a, turare, hoton tsarkaka da rigar zuhudu ba kayan ado ba ne, an keɓe su don wuri da lokaci na musamman. Ko da mawaƙi bai furta kalmar zagi ko ɗaya ba, fitar da su daga muhallinsu zuwa wurin nishaɗi da neman kuɗi shi kansa wulaƙanci ne. Niyyar mawaƙi, a ganinsu, ba ta canza abin da ido ya gani.

Masu kare mawaƙan na cewa masu zane, marubuta da makaɗa a Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗibar alamomin coci suna aiki da su, kuma ba a tilasta wa kowa shiga zauren da aka rufe ƙofarsa aka sa kuɗin shiga. Sukan ƙara da cewa akwai matasan da ta wannan hanya suka fara jin waƙoƙin cocin Otodoks har suka neme su a asalinsu. Raunin wannan hujja shi ne, a zamanin wayar hannu, abin da aka yi a rufaffen zaure ba ya zama a can.

A cikin masu kiɗan kansu akwai wata gardamar. Masu ra'ayin riƙau na cewa baƙin metal aƙida ce kafin ya zama sauti, don haka wanda ba ya gaba da Kiristanci, ko me ya kaɗa, ba baƙin metal yake yi ba. Wasu kuma na cewa sauti ne kawai, kamar kowane salo, kowa na iya zuba masa abin da ke ransa. Su kuma Kiristocin da ke wannan kiɗa suna tsaka mai wuya: 'yan uwansu na coci na ganin sun ɗauko kayan Shaiɗan, 'yan kiɗan na ganin sun yi kutse. Amsar da suka saba bayarwa ita ce, littafin Zabura da na Ayuba cike suke da kuka, fushi da duhu, kuma akwai addu'ar da ba ta fita sai da ƙaraji.

A nan akwai abin da kowane ɓangare ke tsallakewa. Masu adawa sukan haɗa mai yabo da mai zagi su yi musu kuɗin goro. Masu karewa kuma sukan yi magana kamar alamomin ba su da masu su, alhali akwai tsoffin da har yau ke sumbatar irin wannan hoto kowace safiya.

Wa abin ke shafa a ƙarshe

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Polan, sashe na 196 na kundin laifuffuka ya tanadi hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ci zarafin abin da mutane ke girmamawa na addini a bainar jama'a. A ƙarƙashinsa ne Adam Darski, jagoran ƙungiyar metal ta Behemoth, ya shafe shekaru yana zirga-zirga a kotu bayan ya yaga Baibul a kan dandamali a birnin Gdynia a 2007. Rasha ta tsaurara tata dokar a 2013. Norwe, inda aka ƙona majami'un, ta soke dokar saɓo a 2015. Denmak ta soke tata a 2017, sannan a 2023 ta dawo ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki a fili. A Malesiya, majalisar fatawa ta ƙasa ta haramta baƙin metal a 2006. A Singafo, a watan Maris 2019, hukuma ta soke wasan Watain sa'o'i kaɗan kafin a fara, bisa dalilin kare zaman lafiya tsakanin addinai.

Sanannen mawaƙi na da lauya, kuma shari'a kan ƙara masa kasuwa. Waɗanda ke kwana a ciki su ne ƙananan mutane. Mai ƙaramin zaure da ya biya kuɗin jirgi da masauki, idan aka soke wasa rana tsaka, asarar a kansa take. Wanda ya yi doguwar tafiya da tikiti a hannu ya koma gida haka nan. Ikilisiyar ƙauye a Norwe da aka ƙona wa majami'a ta rasa wurin da aka yi wa kakanninta baftisma da jana'iza, ko da an sake gina wani a gurbinsa, kamar yadda aka sake gina Fantoft a 1997.

Mafi haɗari shi ne lokacin da tsoro ya riga bincike. A watan Janairu 1997 jami'an tsaro a Alƙahira suka bi gida-gida suka kama gomman matasa bisa zargin bautar Shaiɗan, hujjar kuwa ba ta wuce kaset-kaset da baƙaƙen riguna ba, daga baya aka sake su. A 2003 wata kotu a Kasabalanka ta Maroko ta yanke wa matasa 14, makaɗa da masu sauraro, hukuncin ɗauri tsakanin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya. Sai da 'yan jarida da iyaye suka fito zanga-zanga kafin aka sassauta a ɗaukaka ƙara. Yawancin irin waɗannan matasa ba ma baƙin metal suke saurara ba, baƙar riga da dogon gashi ne suka ja musu.

Iyayen da suka ga irin wannan hoto a wayar ɗansu na da hanyar ganewa da ta fi kallon bangon faifai. Kusan kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, ana samun rubutattun kalmomin waƙoƙinta da hirarrakin mambobinta a intanet, kuma kamfanin da ya fitar da faifan kan nuna inda ta dosa, domin akwai kamfanonin da Kiristoci kawai suke ɗauka, akwai waɗanda mabiya Shaiɗan kawai. Akwai kuma wani ɓangare na wannan kiɗa da ke yaɗa aƙidar fifikon farar fata, wanda ya samo tushe daga ra'ayoyin Vikernes, kuma shi ba ya sa rigar fada ko ƙona turare, sau da yawa hoton daji da dusar ƙanƙara kawai ake gani a bangon faifansa.